Jinin Ƙarya, Kuɗin Gaske: Tarihin Fina-finan Ban Tsoro Masu Arha da 'Yan Gani-kashe-ninsu

A daren 6 ga Yulin 1963, motoci suka yi dogon layi a bayan garin Peoria da ke jihar Illinois a Amurka, a bakin wani filin silima irin wanda ake shiga da mota a yi kallo daga ciki. Fim ɗin da ya tara su, Blood Feast, ba shi da jarumi ko ɗaya da duniya ta sani. A Miami aka ɗauke shi cikin 'yan kwanaki, a kan dala 24,500. Labarinsa ma bai taka kara ya karya ba: wani mai sana'ar dafa abincin biki yana kashe 'yan mata, yana tara sassan jikinsu domin ya shirya wa wata gunkiya liyafa. 'Yan wasan suna magana kamar masu karanta wasiƙar da aka ba su yanzu. Amma akwai abu guda a cikinsa da ba a taɓa nuna wa 'yan kallon Amurka haka ɓaro-ɓaro ba, wato jini jawur, mai kala, kyamara kuma ta tsaya a kansa ba ta kau da kai ba.

Mutum biyu ne suka ƙulla wannan ciniki. Herschell Gordon Lewis tsohon malamin Turanci ne da ya koma harkar talla, David Friedman kuwa a cikin masu yawon wasan kasuwa-kasuwa ya koyi yadda ake kiran jama'a. Da farko fina-finan tsiraici suke yi, da kasuwar ta cika sai suka zauna suna tambayar kansu: mene ne manyan kamfanonin Holiwud ba za su iya nunawa ba, ko ba za su yarda su nuna ba? Amsar ita ce yanka. A wurin da makashin yake zare wa wata mata harshe, harshen tunkiya suka yi amfani da shi. Friedman ya buga ledojin amai ɗauke da sunan fim ɗin ana raba wa masu sayen tikiti. Kafin a ankara, abin da aka zuba wa dala 24,500 ya dawo da kimanin dala miliyan 4.

Sunan da Turawa suka raɗa wa wannan nau'in fim yana nufin tatsa: a nemo abin da mutane suke tsoro ko suke kunyar ambata, a tatse shi har sai ya daina kawo kuɗi. Sana'ar ta girmi Lewis. Tun daga 1934 manyan kamfanoni suka ɗaure kansu da wata doka mai tsauri da ta hana nuna abubuwa da dama, sai ƙananan 'yan kasuwa suka kwashi abin da aka zubar suna yawo da shi gari-gari. Kroger Babb ya yi arziki da Mom and Dad na 1945 ta hanyar ware lokacin kallon maza da na mata, da ajiye mata masu kayan nas a bakin ƙofa, don a ɗauka abin da ke ciki ya fi ƙarfin mai raunin zuciya. William Castle ya yi wa kowane ɗan kallon Macabre na 1958 inshorar dala 1,000 idan tsoro ya kashe shi. Shekara ɗaya bayan haka, a The Tingler, ya sa aka maƙala wasu 'yan na'urori a ƙarƙashin kujeru masu girgiza mutum a daidai lokacin da dodon ya kuɓuce. A kamfanin AIP, wanda James Nicholson da Samuel Arkoff suka kafa a 1954, sau da yawa suna da fasta ake fara yi. Idan masu gidajen silima sun yaba, sannan a nemi wanda zai rubuta labarin. A ƙarshen shekarun 1950 filayen silimar mota sun haura 4,000 a Amurka, kuma samari da 'yan matan da ke cika su ba su zo neman darasi ba.

A wannan makaranta Roger Corman ya yi suna. Ya ɗauki mafi yawan The Little Shop of Horrors na 1960 cikin kwana biyu da dare ɗaya, a ɗakin da aka gina wa wani fim ba a kai ga rushewa ba. Albashin da yake biya kaɗan ne, amma yana miƙa wa yaro kyamara ya ce jeka ka gwada. Francis Ford Coppola, Martin Scorsese, Jonathan Demme da James Cameron duk sun bi ta hannunsa.

Da a ce tarihin ya tsaya a kan su Lewis, da babu wanda zai ɓata tawada a kansa yau. Abin da ya sauya lissafi ya fito ne daga Pittsburgh, garin masana'antar ƙarfe, inda wani matashi mai suna George Romero da abokansa suke ɗaukar tallan giya da sabulu don talabijin. Su goma suka haɗa dala 600 kowanne, daga baya aka nemo ƙari har kuɗin ya kai dala 114,000. Suka sami wani tsohon gidan gona da ake shirin rushewa kusa da Evans City, suka riƙa zuwa suna ɗauka idan aikin talla ya yi sauƙi. Rashin kuɗi ya sa suka yi shi baƙi da fari, kuma tunda babu kala, ruwan cakulan ya wadatar a matsayin jini. Naman da gawawwakin suke ci kuwa wani mahauci ne cikin masu hannun jari ya kawo. Abokai da maƙwabta da abokan ciniki su ne suka shafa hoda suka zama matattu masu tafiya.

Wannan talaucin shi ya zama ƙarfin Night of the Living Dead. Hotonsa mai dishi-dishi ya yi kama da labaran yaƙin Biyetnam da ake nunawa kowane dare a talabijin, don haka ido ya karɓe shi a matsayin gaskiya. Jarumin, Duane Jones, baƙar fata ne, abin da ba a saba gani ba a irin wannan matsayi. Romero ya sha faɗin cewa shi ya fi kowa iyawa a ranar gwaji, shi ya sa aka ɗauke shi. Shi kaɗai ne ya kwana da rai a cikin gidan. Da gari ya waye ya leƙo ta taga, sai wani cikin ayarin fararen fata masu farautar gawawwaki ya harbe shi a goshi, aka ja shi da ƙugiya aka jefa cikin wuta. Romero ya ba da labarin cewa suna kan hanyar kai fim ɗin New York a mota suka ji a rediyo an kashe Martin Luther King. Wanda ya kalli wannan ƙarshe a 1968 ba ya bukatar a fassara masa komai.

An fara nuna shi ranar 1 ga Oktoban 1968, wata ɗaya kafin Amurka ta soma tsarin ƙayyade shekarun 'yan kallo. Saboda haka gidajen silima suka sa shi da rana, yara suka cika kujeru. Roger Ebert, mai sharhin fina-finai a Chicago, ya rubuta yadda ihun wasa ya koma shiru, da yadda ya ga wata yarinya 'yar kimanin shekara tara zaune tana kuka ba sauti. Ya yi gaskiya da ya fusata, domin wannan ba abin da za a ajiye a gaban ƙaramin yaro ba ne.

Sai kuma aka yi wa Romero sakiyar da ba ruwa, ko da ba da gangan ba. Kamfanin rarrabawa ya sauya wa fim ɗin suna, kuma wajen sauya allon suna ya manta da alamar haƙƙin mallaka. A dokar Amurka ta lokacin, wannan mantuwa ta mayar da fim ɗin na kowa da kowa. Duk mai na'ura yana iya kwafa ya sayar, masu shi kuma suna kallo. Asarar ta yi musu ciwo shekara da shekaru, amma ita ce ta kai fim ɗin kowace tashar talabijin da kowane shagon kaset, har gawa mai tafiya tana cin naman mutane ta zama dodon da duniya ta sani. Kalmar zombi daga al'adun Haiti take, kuma ba a furta ta ko sau ɗaya a fim ɗin ba.

Idan Pittsburgh ta nuna abin da talauci zai iya haifarwa, Texas ta nuna abin da yake ci. A tsakiyar zafin 1973, Tobe Hooper ya kwashi ɗalibai da ƙananan 'yan wasa daga Austin zuwa wani gidan katako kusa da Round Rock. Zafi ya haura digiri 38. An cika ɗakunan da ƙasusuwa da gawawwakin dabbobi na gaske, an toshe tagogi, ga fitilun ɗauka suna ƙara wuta. Gunnar Hansen, wanda ya fito a matsayin ƙaton nan mai rufe fuska da fatar mutum, riga ɗaya ya sa har aka gama, ba a yarda a wanke ta ba don kada launinta ya sauya. Wurin cin abincin dare, inda iyalin makasan suka ɗaure yarinyar a kujera, sai da aka haura sa'a 24 ana ɗaukarsa ba tashi. Mutane na fita su yi amai su dawo. Da bututun jinin ƙarya ya ƙi aiki, Hansen ya yanki yatsan Marilyn Burns, wadda ta fito a matsayin yarinyar, da gaske. Ba abin alfahari ba ne, cutarwa ce, kuma ita ta ɗauki raɗaɗin.

Abin mamakin The Texas Chain Saw Massacre shi ne jinin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Ƙarar zarto mai inji, ƙarar ƙofar ƙarfe da aka ja da ƙarfi, da idon Burns da ya cika allo, su ne suke sa mutum ya rantse ya ga abin da ba a nuna masa ba. Makasan ma'aikatan mayanka ne da injina suka raba da aikinsu, sai suka ci gaba da sana'ar a kan mutane. An tallata shi a matsayin labarin gaskiya, alhali ɗan abin da aka aro daga tarihin wani makashi mai suna Ed Gein na Wisconsin bai wuce cikin cokali ba. Kuɗin da aka kashe bai wuce dala 140,000 ba, ya kuma kawo sama da miliyan 30. Sai dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: kamfanin rarrabawa, Bryanston, yana da alaƙa da 'yan Mafiya na New York, kuma a rabon farko dala 8,100 kacal ta rage wa mutum 20 da suka sha wannan zafi.

Halloween na John Carpenter, a 1978, ya bi sawu da dala 300,000 da 'yan kai. Fuskar makashin abin rufe fuska ne na ɗan wasa William Shatner da aka saya ƙasa da dala 2 aka fesa masa farin fenti, busassun ganyayen kaka kuwa fenti aka yi musu, ana tattarawa a buhu bayan kowace ɗauka don a sake watsawa.

Italiyawa ne suka kai abin maƙura. A 1980 Ruggero Deodato ya fito da Cannibal Holocaust, wanda ya ɗauka a dajin Amazon kusa da Leticia a Kolambiya, ya tsara shi kamar faifan wasu 'yan jarida da suka ɓace aka tsinto. Ya sa 'yan wasan sun ɓoye kansu na shekara guda don a zaci sun mutu. Kwana goma bayan fara nuna shi a Milan hukuma ta ƙwace shi, aka kuma soma zargin kisan gaske aka yi, har sai da aka ga 'yan wasan da ransu. Mutane ba su mutu ba, amma dabbobi sun mutu: an yanka ƙaton kunkuru, an kashe biri da alade a gaban kyamara don a tayar wa ɗan kallo hankali. Wannan zalunci ne da babu gwanintar da za ta wanke shi, kuma Deodato da kansa ya nuna nadama daga baya. Haka nan yadda da yawa daga fina-finan wannan zamani suka mayar da wulaƙanta mace da yi mata fyaɗe hajar sayarwa, da yadda suka zana mutanen daji tamkar namun dawa. Masu ƙaunar wannan fanni na gaskiya ba sa musun haka. A cikinsu ma aka fi yin gardama a kai.

To su wane ne masu ƙaunar, kuma ina suka haɗu? Da farko a Titi na 42 a New York, inda tsofaffin gidajen silima masu yagaggun kujeru suke nuna fim biyu ko uku a jere kan tikiti ɗaya, kusan dare da rana. Sannan a kallon tsakar dare, al'adar da gidan silimar Elgin ya kafa a ƙarshen 1970 da fim ɗin El Topo. Wanda ya fito daga gida ƙarfe goma sha biyu na dare don ya kalli abin da jaridu suka zaga, ya tarar da ɗaruruwan irinsa, ya san ya sami dangi. Suna dawowa mako bayan mako, suna haddace maganganun, suna amsa wa allo. A 1979 mujallar Fangoria ta fito, ta mayar da masu haɗa raunukan ƙarya taurari. Babbansu Tom Savini ya yi aikin ɗaukar hoto a yaƙin Biyetnam, kuma ya ce abin da ya gani a can shi ne ma'auninsa. Bill Landis yana buga 'yar takardarsa Sleazoid Express yana ba da labarin abin da ake nunawa a Titi na 42, Michael Weldon kuma ya tattara dubban irin waɗannan fina-finai a kundi guda a 1983. Aikin adana tarihi ne da babu jami'ar da ta damu da shi a lokacin.

Kaset ɗin bidiyo ne ya fitar da su daga lungu ya shigar da su falo, kuma a Birtaniya aka yi karon. A farkon shekarun 1980 dokar tace fina-finai ba ta shafi kaset ba, manyan kamfanoni kuma suna ɗari-ɗari da sabuwar kasuwar, sai ƙananan dillalai suka cika shaguna da kayan Italiya da Amurka masu fastoci na tashin hankali. Tallan The Driller Killer a 1982, mai nuna ana huda goshin mutum, ya jawo ƙorafi. Mary Whitehouse, mai fafutukar tsabtace kafafen watsa labarai, da jaridar Daily Mail suka ɗaura ɗamara. Ofishin mai gabatar da ƙara ya fitar da jerin sunaye a 1983. Fina-finai 72 ne suka shiga jerin a lokuta daban-daban, 39 daga ciki kotu ta same su da laifin batsa. 'Yan sanda suka riƙa kai samame shaguna, wani lokaci har su kwashi fim ɗin yaƙi irin The Big Red One saboda sunansa ya yi musu kama da na batsa. An ɗaure wani dillali, David Hamilton Grant, kan sayar da wani fim da ba a yanke ba. A 1984 majalisa ta kafa dokar da ta wajabta tace kowane kaset.

Damuwar iyaye tana da tushe, domin yaro na iya karɓo hayar kaset ɗin da bai dace da shi ba. Amma ga fina-finan kansu, gaba ta kai su. Jerin gwamnati ya zama jerin cefane. Samari suka riƙa bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, suna musayar kwafin kwafin kwafi ta gidan waya, hoton ya dushe har fuska ba ta ganuwa sosai, wanda hakan ma ƙara masa kwarjini yake yi. Fina-finai da dama da ba su cancanci a tuna da su ba sun rayu ne kawai albarkacin haramcin. A cikin jerin kuma akwai The Evil Dead na 1981, wanda Sam Raimi da Bruce Campbell suka ɗauka a wata bukka a Tennessee da kuɗin da suka roƙo daga likitocin haƙori da 'yan kasuwar Michigan. Da ba su da abin gungura kyamara, sai suka ɗaure ta a kan katako, mutum biyu suka riƙe suna gudu da ita cikin daji. Marubuci Stephen King ya gan shi a Cannes a 1982 ya yabe shi, kuma ya zama cikin kasetocin da aka fi nema a Birtaniya.

Wannan dabara ba ta Turawa kaɗai ba ce. A Bombay, 'yan'uwa bakwai 'ya'yan gidan Ramsay, waɗanda mahaifinsu ya taso daga Karachi ya buɗe shagon rediyo, sun lura cewa a wani fim nasu da ya faɗi a 1970, wuri ɗaya ne 'yan kallo suke zabura: inda Prithviraj Kapoor ya sa mummunar fuska. Sai suka ɗauki Do Gaz Zameen Ke Neeche a 1972 cikin kwana 40 a Mahabaleshwar, wannan na riƙe da kyamara, wancan na sauti, wani na rubutu. Purana Mandir na 1984 da Veerana na 1988 sun haɗa fatalwa da waƙa da rawa da barkwanci, salon da duk wanda ya taso da kallon fim ɗin Indiya zai gane nan take. A Ghana kuwa, masu yawo da talabijin da bidiyo da janareta ƙauye-ƙauye suna sa masu zane su yi musu fasta a kan buhun fulawa. Sau da yawa mai zanen bai ga fim ɗin ba, sai ya ƙara jini da macizai da kawuna daga tunaninsa. Yau ana baje waɗannan buhuna a gidajen zane na Amurka da Turai. A Najeriya ma, Living in Bondage na 1992, da harshen Ibo, labarin mutumin da ya ba da matarsa ga matsafa don ya yi kuɗi fatalwarta ta hana shi sakat, kai-tsaye a kaset ya fito, kuma daga shi ake fara ƙirga tarihin Nollywood.

Yaran da aka raina sun girma. Raimi ya ba da umarnin Spider-Man a 2002. Peter Jackson, wanda ya shafe shekara huɗu yana ɗaukar Bad Taste a ƙarshen mako, yana gasa fuskokin dodanni a murhun mahaifiyarsa a New Zealand, shi ya ba da umarnin kashi na uku na The Lord of the Rings, wanda ya kwashi kyautar Oscar 11 a 2004. Darakta James Gunn ya fara ne a Troma, kamfanin da ya yi The Toxic Avenger. An ba Corman Oscar ta girmamawa a 2009. Da Quentin Tarantino da Robert Rodriguez suka kashe sama da dala miliyan 50 a 2007 don su kwaikwayi tsohon salon a Grindhouse, har da ƙirƙirar karce a jikin hoto, kasuwa ba ta karɓa ba. A wannan shekarar aka fara nuna Paranormal Activity, wanda Oren Peli ya ɗauka a gidansa da dala 15,000, ya kuma tara kusan miliyan 193. Kafin shi The Blair Witch Project na 1999 ya yi amfani da irin dabarar Deodato ta faifan da aka tsinta, ya haɗa da intanet, ya kawo kusan miliyan 248.

A 1999 ɗakin karatu na majalisar Amurka ya sa Night of the Living Dead cikin fina-finan da ƙasa za ta adana, a shekarar da Birtaniya ta sake wa The Texas Chain Saw Massacre mara. Shi ma ya shiga wannan kundi a 2024. Gidan katakon da aka ɗauke shi an yanka shi gida-gida a 1998, aka kai garin Kingsland aka sake haɗawa, ya zama gidan cin abinci. A Evans City kuma, da aka ce za a rushe ɗan ƙaramin ɗakin ibadar da ke maƙabartar da fim ɗin Romero ya buɗe da ita, Gary Streiner, wanda ya yi aikin sauti a ɗaukar, ya yi kira a 2011. Masoya daga ƙasashe daban-daban suka tara kusan dala 50,000 aka gyara shi, kuma har yanzu suna zuwa su tsaya a gabansa su ɗauki hoto.